Dinari, Dirhami da Fulus: Kuɗi da Tsadar Rayuwa a Masar Daga Ƙarni na 10 Zuwa na 15

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a ƙasar Hausa ya ji ana ambaton rubu'u dinar a matsayin mafi ƙarancin sadaki. Haka kuma duk wanda ya karanta babin zakka a littattafan fiƙihu ya san nisabin zinariya dinari 20 ne, na azurfa kuwa dirhami 200. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu ambaton waɗannan kalmomi suke tsayawa su yi tambaya: a zamanin da dinari da dirhami suke yawo a hannun jama'a, me suke iya saya? Kwana nawa lebura yake yi yana aiki kafin ya haɗa dinari guda? Da wane kuɗi uwargida take aiken yaro ya sayo mata albasa?

Waɗannan tambayoyi suna da muhimmanci, domin duk lokacin da kaya suka yi tsada akan ji mutane suna cewa da har yanzu da kuɗin zinariya da azurfa ake ciniki, da talaka bai shiga wannan hali ba. Wannan takarda za ta auna wannan magana da abin da ya faru a Masar tsakanin shekarar 969 da 1425 miladiyya. An zaɓi Masar saboda dalilai biyu. Na farko, ta bar rubutattun bayanai masu yawa game da ladan aiki da haya da farashin abinci. Na biyu, kaso mai yawa na zinariyar da aka buga dinarinta da ita daga Afirka ta Yamma ya fito. Abin da takardar take son nunawa shi ne, dinari kuɗin ajiya ne da haraji da fatauci, kuma daɗin rayuwar talaka ko ƙuncinta sun dogara ne ga ƙaramin kuɗin da ake biyan sa da shi da kuma yawan hatsin da ke kasuwa.

2.0 Asalin Kuɗaɗen Uku

Kafin Musulunci Larabawan Hijaz ba su da kuɗin kansu. Suna ciniki ne da sulallan zinariya na Rumawa da na azurfa na Farisawa. Sunayen ma aro ne: dinar daga kalmar Latin denarius, dirham daga drachma ta Girkanci ta hanyar Farisanci, fals kuwa, wanda jam'insa fulus ne, daga follis, wato ƙaramin kuɗin jan ƙarfe na Rumawa. Hausa ma ta yi irin wannan aro. Masana harshe da dama suna ganin kalmar zinariya daga dinar ta samo asali, azurfa kuwa daga harshen Abzinawa da sauran Barbarawa ta shigo, abin da ke nuna hanyar da waɗannan ƙarafa suka biyo.

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na daular Umayyawa shi ne ya fitar da dinarin da babu hoto a jikinsa, sai rubutun Larabci kawai, a shekara ta 77 bayan hijira, wato 696 zuwa 697. Nauyinsa misƙali ɗaya ne, kimanin giram 4.25. Bayan shekara biyu aka fitar da dirhami mai irin wannan tsari. A ƙa'idar malaman fiƙihu, nauyin dirhami 10 daidai yake da misƙali 7, wato dirhami ɗaya ya kusa giram 3. A kan wannan lissafi ne ake cewa nisabin zinariya kimanin giram 85 ne, na azurfa kuwa giram 595.

Akwai wani ma'auni na farashi daga farkon zamani a cikin hadisin Urwatu al-Bariƙi da ke Sahihul Buhari. Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinarin. Ke nan kuɗin akuya a Madina yana tsakanin rabin dinari da dinari guda. Tun daga nan za a gane cewa kuɗin da zai sayi dabba sukutum ya fi ƙarfin cefanen yini.

3.0 Masar ta Faɗimiyawa da Takardun Geniza

A shekarar 969 ne Jauhar, sarkin yaƙin Faɗimiyawa, ya ci Masar ya kuma kafa birnin Alƙahira kusa da tsohon birnin Fusɗaɗ. Kafin nan daular tana da mazauni a ƙasar Tunisiya ta yau, kuma tana da hannu a kan hanyoyin Sahara da zinariyar ƙasar Gana take bi zuwa Sijilmasa. Girman wannan fatauci ya fito a labarin Ibn Hauƙal, marubucin ƙarni na 10, wanda ya ce ya ga takardar bashi ta dinari 42,000 da ake bin wani ɗan kasuwa mazaunin Audagust. Dinarin Faɗimiyawa ya yi suna wajen tsafta, kusan zinariya zalla ne, har sarakunan Kiristocin Turai da suka kafa mulki a Sham suka riƙa kwaikwayonsa.

Littattafan tarihi sun fi kula da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Labarin kuɗin cefane ya zo ne ta wata hanya dabam. Yahudawan Fusɗaɗ suna da al'adar ƙin yar da takardar da take ɗauke da sunan Allah, sai su zuba ta a wani ɗaki na musamman a wurin ibadarsu, wanda suke kira geniza. Shekaru aru-aru ana zuba wasiƙu da takardun aure da na kotu da lissafin ƴan kasuwa a wannan ɗaki, yawancinsu da Larabci cikin haruffan Ibraniyanci. A tsakanin 1896 da 1897 Solomon Schechter ya kwashi guntaye kusan 190,000 zuwa Jami'ar Cambridge a Ingila. Daga baya S. D. Goitein ya shafe shekaru yana nazarin su, ya fitar da littafi mai juzu'i biyar tsakanin 1967 da 1988. Ko da yake masu takardun Yahudawa ne, kasuwa ɗaya suke ci da maƙwabtansu Musulmi da Kiristoci, saboda haka farashin da suka rubuta na kowa ne.

4.0 Yadda Ake Amfani da Dinari

Takardun sun nuna wuraren da dinari yake fitowa: sadaki da kayan ɗakin amarya, cinikin gida, jarin fatake, gado, haraji da hayar manyan kantuna. Nasir Khusrau, matafiyi Bafarishe da ya isa Alƙahira a 1047, ya ce halifa yana da kantuna 20,000 a birnin, kuma hayarsu tana kamawa daga dinari 2 zuwa 10 a wata.

Ko a waɗannan wurare ba a cika ƙirga dinari ɗaya bayan ɗaya ba. Awo ake yi, domin sulalla sukan side, wasu mutane kuma sukan yanke gefensu su tara zinariyar. Saboda haka ɗan canji yana da babban matsayi a kasuwa. Shi ke duba kyawun kuɗi, ya auna su, ya zuba a ƴar jaka, ya rubuta yawansu da nauyinsu a bayanta, ya buga mata hatimi. Irin wannan jaka takan ratsa hannuwa da dama ba a buɗe ta ba, amana ce ga sunan da ke jikin hatimin. Manyan ƴan kasuwa kuma sukan rubuta wa ɗan canjinsu ƴar takarda su umarce shi ya biya mai ɗauke da ita kuɗi kaza, kamar yadda ake yi da cek a banki. A wajen lissafi, an kasa dinari kashi 24, kowane kashi ana kiransa ƙiraɗi, kuma wannan ƙidaya ta 24 ce maƙeran zinariya suke bayyana tsaftarta da ita har yau.

Rubu'u dinar kuwa kuɗi ne na gaske da ake riƙewa a hannu. Faɗimiyawa sun buga shi da yawa, musamman a tsibirin Sisiliya, nauyinsa giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Shi ne ƙaramin kuɗin zinariya da mai ƙaramin ƙarfi zai iya gani jefi-jefi.

Kuɗin yau da kullum shi ne dirhami, amma dirhamin kasuwar Fusɗaɗ ya sha bamban da na littafin fiƙihu. Ana kiransa baƙin dirhami domin azurfar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 30 cikin ɗari ba, saura jan ƙarfe ne. Don haka maimakon 10 ko 12, a ƙarni na 11 da na 12 ana canza dinari ɗaya ne a kan dirhami 35 zuwa 40. Wanda ya karanta tsohuwar takarda ya ga an ce dirhami, tilas ya fara tantance wane dirhami ake nufi.

Abin mamaki, Faɗimiyawa ba su cika buga kuɗin jan ƙarfe a Masar ba. To da me ake ba da canji? Akan yanka dirhami gunduwa-gunduwa a auna. An kuma tono dubban ƴan fayafayan gilashi masu ɗauke da sunayen halifofi. Paul Balog yana ganin an yi amfani da su a matsayin ƙananan kuɗi, Michael Bates kuwa ya ce ma'aunan sulalla ne kawai. Al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar da ya rasu a 1442, ya ce ya riski mutanen Iskandariyya suna sayen ganye da kayan miya da gutsattsarin gurasa, ƙauyawa kuma suna sayayya da ƙwai da dusa.

5.0 Ladan Aiki da Kuɗin Abinci

Goitein ya ƙiyasta cewa dinari 2 a wata suna isar iyali mai ƙaramin rufin asiri. Idan aka canza a kan 40, dirhami 80 ke nan a wata, wato ƙasa da dirhami 3 a yini. Lissafin gyaran gidajen waƙafi da aka samu a cikin takardun ya nuna ƙwararren magini yana samun kimanin dirhami 5 a yini, har da abincin rana, lebura mai taya shi kuwa kimanin rabin haka.

Daga nan lissafi ya zo da sauƙi. Magini zai haɗa dinari ɗaya a kwana 8, ya cika buƙatar wata a kwana 16. Lebura sai ya yi kwana 16 kafin ya haɗa dinari ɗaya, kwana 32 kafin ya haɗa biyu. Wata kuwa kwana 30 ne, ga ranakun hutu, ga ranakun da ba a sami aiki ba, ga rashin lafiya. Ke nan lebura mai iyali ba ya kai wa wannan mataki ko a shekarar da babu tsada, sai matarsa ta haɗa da kaɗi ko ɗinki, yara kuma su shiga koyon sana'a da wuri. A wannan ma'auni, rubu'u dinar ladan kwana 4 ne na lebura.

Abincin birnin alkama ce. Gida mai matsakaicin hali yakan tanadi irdabbi 12 a shekara, ɗaya a kowane wata, kuma irdabbi ɗaya ya kai kimanin kilo 70. Mai hali yana saye da kaka lokacin da take araha, ya zuba a manyan tuluna a saman bene. Daga nan ake ɗiba a kai wa mai niƙa, a kwaɓa a gida, a aika wa mai tanda ya gasa. Talaka kuwa kullum yake sayen gurasa a kasuwa da guntun dirhaminsa, saboda haka duk motsin da farashi ya yi a kansa yake fara sauka. Wannan bambanci sananne ne ga duk wanda ya ga yadda mai rumbu da mai awon tiya suke shiga bazara. Waɗanda suka gaza gaba ɗaya suna cikin jerin masu karɓar sadaka, inda al'ummar Yahudawan Fusɗaɗ take raba gurasa 4 ga kowane mutum a mako, ranar Talata da ranar Juma'a.

Akwai lokaci ɗaya a shekara da lebura wanda ba Musulmi ba yake fuskantar dinari ido da ido, wato lokacin biyan jiziya, domin da dinari ake yanka ta, kuma ko matalauci yana biyan fiye da dinari ɗaya. Wasiƙu masu yawa a cikin takardun Geniza na mutanen da suke roƙon a taimaka musu da kuɗin jiziya ne, wasu sun ɓuya a gida don tsoron masu karɓa.

6.0 Canjin Kuɗi da Yunwa

Tsaftar dinari ba ta kare jama'a daga masifu biyu ba. Ta farko ita ce lalacewar ƙaramin kuɗi. A zamanin Halifa al-Hakim, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, darajar dirhami ta yi ta faɗuwa har dinari ya kai dirhami 34, kasuwa ta rikice. A ruwayar al-Maƙrizi, sai fada ta fito da akwatuna 20 na sabon dirhami ta rarraba wa ƴan canji, aka hana karɓar tsohon, aka ba mutane kwana 3 su kai abin da ke hannunsu. Tsoho 4 ake karɓa a ba da sabo ɗaya, sabon kuma aka tsayar da shi 18 a dinari. Wanda dukiyarsa take cikin dinari bai yi asarar komai ba. Mai ƴan dirhamai a ƙullin zane shi ya ɗauki asarar.

Ta biyu ita ce ƙarancin hatsi. Noman Masar ya dogara ne ga cikar kogin Nilu. Tsakanin 1065 da 1072, zamanin Halifa al-Mustansir, ƙarancin ruwa ya haɗu da yaƙin basasa tsakanin rundunar Turkawa da ta baƙaƙen sojoji, noma ya tsaya, hanyoyi suka toshe. Al-Maƙrizi ya ce irdabbin alkama ya kai dinari 80, an kuma yi gwanjon gurasa guda a kan dinari 15. Ya kawo labarin wata mata da ta ba da abin wuyanta na dinari 1,000 aka ba ta ɗan buhun gari, mayunwata suka wawashe shi a hanya, ta tsira da cikin tafin hannu. Ta gasa shi, ta je ƙofar fada ta ɗaga shi sama tana yi wa halifa addu'ar gatse. Marubutan wancan zamani sukan ƙara gishiri a lissafi, amma ko an rage rabin rabi, a shekarun nan mai tulun alkama ya fi mai jakar dinari. Al'amura ba su daidaita ba sai da Badar al-Jamali ya zo daga Sham da rundunarsa ya karɓi ragamar mulki a 1074.

7.0 Zinariyar Mansa Musa

Salahuddin ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyawa a 1171, Mamalik kuma suka karɓi mulki a 1250. A zamaninsu dirhami ya inganta, kimanin kashi biyu cikin uku nasa azurfa ne, dinari kuwa ana buga shi da nauyi iri-iri, sai an auna shi da misƙali kafin a san darajarsa.

A 1324 Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira kan hanyarsa ta zuwa hajji, ya yi kyauta da sayayya da zinariya mai yawa. Al-Umari, wanda ya tattara labarin bayan shekara 12, ya ce kafin zuwansa misƙali ba ya sauka ƙasa da dirhami 25, bayan zuwansa kuwa ba ya wuce 22. Wannan ragi ne na kashi 12 cikin ɗari. An sha faɗa cewa Mansa Musa ya karya tattalin arzikin Masar, amma Warren Schultz ya nuna cewa irin wannan hawa da sauka ba baƙon abu ba ne a kasuwar canjin Alƙahira ta wancan ƙarni. Bugu da ƙari, ragin na zinariya ne idan an gwada ta da azurfa. Mai ajiyar dinari ya ji a jikinsa, lebura mai karɓar dirhami ya sayi gurasa da fulus kuwa lissafinsa bai canza ba. Shi kansa sarkin sai da guzurinsa ya ƙare ya ci bashi a hannun ƴan kasuwar Masar. Ibn Baɗuɗa ya ce ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ɗan al-Kuwaik na Iskandariyya, ya bi sawun kuɗinsa har Tumbutu, a can ya rasu.

8.0 Zamanin Fulus da Ra'ayin al-Maƙrizi

Wajen ƙarshen ƙarni na 14 azurfa ta yi ƙaranci a Masar. A zamanin Sarki Barƙuƙ, wanda ya rasu a 1399, wani babban jami'in fada mai suna Mahmud ɗan Ali ya riƙa sayo jan ƙarfe daga Turai yana buga fulus masu yawa a Alƙahira da Iskandariyya, domin ribar da ke ciki. Fulus suka cika kasuwa, dirhamin azurfa ya ɓace, ya koma kayan ado. Aka wayi gari ana auna fulus da sikeli, kalmar dirhami kuma ta zama sunan lissafi na wani adadin jan ƙarfe, babu ko ƙwayar azurfa a ciki.

A tsakanin 1403 da 1404 Nilu ya gaza, yunwa da annoba suka biyo baya. Al-Maƙrizi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin muhtasibi, wato mai kula da kasuwannin Alƙahira, ya rubuta littafinsa Igasatul Umma a 1405 don bayyana musabbabin wannan hali. Ya kawo dalilai uku: sayen muƙamai da rashawa, tsauwala kuɗin hayar gonaki a kan manoma, da yawaitar fulus. Ya lura cewa idan aka auna farashi da zinariya, hawan bai kai yadda ake gani da fulus ba. Ya kuma kasa jama'a gida bakwai ya duba halin kowa. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu tsayayyen albashi, wato malamai da ɗalibai da ƙananan sojoji, domin adadin da ake ba su bai canza ba alhali abin da yake saya ya ragu ƙwarai. Ladan masu aikin hannu kuwa ya ninka, amma dalilin shi ne mafi yawansu sun mutu.

Maganin da ya bayar shi ne a koma ga zinariya da azurfa, a bar fulus ga ƙananan sayayya. Masu kiran a koma ga dinari a yau suna yawan kafa hujja da shi. Sai dai ya kamata a tuna cewa biyu daga cikin dalilansa uku ba su shafi ƙarfen da aka buga kuɗi da shi ba, sun shafi yadda ake mulki ne. Haka kuma dinari yana nan a lokacin, bai hana komai ba, domin ba da shi ake biyan malami ko lebura ba. A 1425 Sarki Barsbay ya fitar da sabon dinari mai suna ashrafi, nauyinsa kimanin giram 3.4, don ya yi gogayya da kuɗin zinariya na birnin Banis da ya mamaye kasuwa.

9.0 Ƙasashen da Zinariyar Take Fitowa

A kudancin Sahara ma tsarin bai bambanta ba. Misƙalin zinariya na manyan fatake ne, jama'a kuwa da wani abu dabam suke ciniki. Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratsa yankin a 1352 da 1353, ya ga ana yanka gishiri ana sayayya da shi, ya kuma ga ana canza wuri 1,150 a kan dinari ɗaya a Mali da Gao. A Takadda, wadda masana da dama suke danganta ta da kufan Azelik a ƙasar Nijar, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana yin ƴan sanduna. Masu kauri 400 ne a misƙali, da su ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Sirara 600 zuwa 700 ne a misƙali, da su ake sayen nama da itacen wuta. Ya ce ana kai wannan ƙarfe Gobir da Barno.

Bayan shekara 500, a 1851, Heinrich Barth ya tarar da wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. A Tasawa ya ga wahalar ƙirga wuri 500,000 da hannu. A Kano ana canza dalar azurfa ɗaya, ta Sifen ko ta Ostiriya, a kan wuri 2,500, kuma ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 suna isar iyali a shekara, har da sutura. Dala 20 zuwa 24 ke nan, wato dala ɗaya tana riƙe gida fiye da mako biyu. Keso ɗaya na wuri 20,000 dala 8 ne. Yadda sunan dirhami ya rabu da azurfa a Alƙahira, haka sunan dala ya yi: a Nijeriya ta zamanin Turawa ya koma sule biyu, a Nijar kuwa sefa 5 ake nufi da shi.

10.0 Kammalawa

An ga cewa kuɗin Masar hawa uku ne, kuma kowane hawa da mutanensa. Dinari ya riƙe darajarsa shekaru aru-aru, ya amfani mai ajiya da falke da baitulmali. Lebura da malami da ɗalibi suna rayuwa ne a hawan dirhami da fulus, waɗanda hukuma take iya rage musu azurfa ko ta yawaita su ko ta soke su cikin kwana uku. Idan kuma Nilu ya gaza ko yaƙi ya hana noma, duk hawa ukun sukan kasa sayen gurasa.

Dangantakar ƙarafan biyu ma ba a tsaye take ba. Lokacin da dinari yake daidai da dirhami 10 na shari'a, giram ɗaya na zinariya yana daidai da giram 7 na azurfa. A watan Maris na 2020 giram ɗaya na zinariya ya haura giram 100 na azurfa a kasuwar duniya. Wannan ne ya sa nisabin zinariya da na azurfa, waɗanda a farko suke kusa da juna, suka yi nisa, haka ma rubu'u dinar da dirhami uku da malaman Malikiyya suka ambata tare a babin sadaki.

Saboda haka, ɗalibin da ya ci karo da adadin kuɗi a tsohon rubutu, na Larabci ne ko na ajami ko na boko, yana da tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya fassara shi: wane ƙarfe ne, nawa ne nauyinsa da tsaftarsa a wannan shekara, ladan kwana nawa ne na mai aikin ƙarfi, kuma mudu nawa na hatsi yake saya.